Ku Tambaya Mu Amsa: gidan magina, daga tubalin kaka zuwa takardar jika

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun da suka taru wannan karon kusan duk maganar gini ce, kuma yawancinsu daga gidajen da suka gaji sana'ar ne, masu neman yadda za su yi da abin da iyaye suka bar musu. Na ɗauko huɗu, na cire sunaye kaman yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO, daga wani matashi a unguwar Birni

Malam barka da aiki. Ni gidanmu gidan magina ne tun kakan babana. Kakana da ƙasa yayi aiki duk rayuwarshi, tubali da azara, akwai zaurukan da shi ya ɗaura bakan gizonsu har yanzu suna nan tsaye a unguwa. Babana shine ya shiga siminti, ya fara lebura wajen wani ɗan kwangila daga baya ya sayi mul na buga bulo, ya samu ginin azuzuwan lakol da shaguna har yayi rajistar kamfani da sunanshi. Ni kuma aka sani boko nayi jeni sibil a Yamai na dawo da diplom ɗina. Yanzu baba ƙarfi ya ƙare ido ma ya fara rauni, baffana ƙanen baba shi ke riƙe da shantiye, to matsalar duk abinda na faɗa sai yace yaro ne kai, nace a dinga auna siminti yace idonshi ya isa awo, nace a dinga rubuta kuɗin da ke shiga da fita yace ko ina zarginshi ne, kullum maganarshi tun kafin a haifeka muke gini kuma ba wanda ya taɓa faɗuwa. Ga wani kamfani a Yamai sun kirani aiki, inna tace kar in tafi in bar gida. Dan Allah in tafi ko in zauna?

AMSA

Ɗana, Allah ya ƙara wa baba lafiya. Zan faɗa maka ra'ayina tun farko don kar ka yi ta jira: da baba na da ƙarfinshi da sai in ce ka tafi Yamai ka yi shekara biyu ko uku ka ga yadda manyan shantiye ke tafiya ka dawo, amma a yadda ka kwatanta jikinshi ni ban ga tafiya ba yanzu, aƙalla ka yi ranin bana a gida. Aikin Yamai in ka rasa wannan wani zai zo, abin da ke cikin kan baba kuwa babu inda za ka je ka same shi in ya wuce.

Kuma ina so ka san wannan rikicin naka da baffa ba da kai aka fara shi ba a gidanku. Ka duba garin nan da kanshi. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta kewaye kanta da ganuwa, aka yi fada aka yi masallaci, duk da ƙasa, kuma hannun irin su kakan babanka ne ya yi su. Faransawa suka ci garin a 1899, daga 1911 har 1926 nan ne babban birnin ƙasar kafin a maida shi Yamai, to a wannan tsakanin magina suka fara ganin wani irin gini daban, na dutse da layi miƙaƙƙe da taga mai faɗi da mutum riƙe da takarda yana cewa a bi abin da aka zana. Bayan an samu ƴancin kai siminti ya yawaita, na Malbaza da wanda ke shigowa daga Najeriya, kwano ya maye azara, duk mai ɗan hali ya ce shi bulo yake so. Ranar da babanka ya ajiye tubali ya ɗauki mul kana tsammani kaka murna ya yi? Na tabbata shi ma ya sha irin maganar da kake sha yau, amma da bai yi hakan ba da gidanku ya fita daga sana'ar tuntuni kaman gidaje da yawa da muka sani a Birni da Zango, waɗanda yau jikokinsu ko kwaɓa ƙasa ba su iya ba kuma ba su iya siminti ba. Yanzu juyi na uku ne ya zo, na takarda. Wanda ya ga yadda aka yi ayyukan Zinder Saboua, shirin gwamnati na sabunta garin nan, a 2018 ya san cewa babban aiki ba ya zuwa hannun wanda ba shi da dosiye, da lambar lanho, da injiniya mai sa hannu, komin gwanintarshi. Saboda haka baffa yana buƙatarka ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Sai dai kai ma kana buƙatarshi fiye da yadda kake zato, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan. Ka je ɗaya daga zaurukan nan da ka ce kaka ya ɗaura, ka tsaya a tsakiya ka ɗaga kai, ka kalle shi da idon abin da aka koya maka a lakol. Azara guda, wato tsagin giginya, ba ta iya ɗaukar rufin ƙasa in faɗin ya wuce wajen mita 2, za ta lanƙwashe. To ta yaya ya rufe ɗaki mai faɗin ninkin haka biyu ko uku babu ƙarfe babu kankare? Ya dasa azara cikin bango tun daga ƙasa, ya karkato ta ciki kaɗan, ya ɗaure da igiya ya lulluɓe da ƙasa ya bari ta bushe, sannan ya ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga wancan bangon ma haka, kafi bayan kafi har su haɗu a sama su zama bakan gizo, in guda biyu suka gicciye ka samu ɗaurin guga, sai a jera gajerun azara a tsakani a zuba ƙasa. Nauyin bangon da ke bayan azarar shi ke riƙe ta kar ta kife, shi ya sa za ka ga bango a ƙasa kauri gare shi sosai yana hawa yana sirancewa. Wannan duk lissafi ne, irin wanda ka zauna ka yi da biro da kalkuleta, shi a kai ya riƙe shi da ido da tafin hannu. Ya san ƙasar wane rami ce ke tsagewa in ta bushe da wadda sai an ƙara mata yashi, ya san kwana nawa za a bar kwaɓi da ciyawa ya ruɓa kafin a taɓa shi, ya san ba a ɗora sabon layin tubali sai na ƙasa ya sha rana. Baba da baffa sun taso suna miƙa mishi tubali, ko sun bar aikin ƙasa wannan idon yana nan tare da su, kuma shi ne baffa ke nufi in ya ce idonshi ya isa awo. Ba ƙarya yake ba gaba ɗaya.

Bayan wannan akwai ilimin da ba a koyarwa a EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, ko a ko'ina: wane mai kamyo ne ke kawo yashi mai tsabta wane ne ke haɗawa da turɓaya, wane magini ne za ka bar mishi shantiye ka yi tafiya, wane Alhaji ne ke biya kan lokaci wane ne sai an bi shi ta hannun limamin unguwarsu, da yadda ake lissafin ruwa a garin da kowa ya san wahalar ruwanshi. Kamfanin babanka ba mul da baro ba ne kawai, mutanen nan ne da yardar da suka yi da gidanku shekara da shekaru, kuma yau mabuɗin wannan yana hannun baffa.

Amma akwai wurin da ba zan goyi bayan baffa ba ko kaɗan, kai ma kar ka sassauta. Maganar "ba wanda ya taɓa faɗuwa" tana tafiya ne a ginin da ba bene ba mai rufin kwano, inda ko bulo ya yi rauni nauyin da ke kanshi kaɗan ne. Da zarar an ce bene, an ce dal, wato rufin kankare, an ce ginshiƙi zai ɗauki ɗaki a sama, ido ya tashi daga aiki sai awo. Kankaren da zai ɗauki nauyi ana sa mishi siminti kilo 350 a kowace mita kub, buhu bakwai kenan na kilo 50, ƙarfe kuma da girmanshi da tazararshi da kaurin kankaren da zai rufe shi kar ya yi tsatsa, sannan a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, ƙarfinshi bai cika sai ya kwana 28. A garin nan wurin ban ruwan nan ake yawan cuta, saboda ruwa saye ake yi bido bido, sai a yayyafa sau ɗaya a ce ya isa, rana ta Damagaram ta busar da shi kafin ya kama, daga waje ka ganshi lafiya lau ciki kuwa gari ne. Wannan rayukan mutane ne, kuma in abu ya faru sa hannunka za a nema ba idon baffa ba.

Yadda za ka ɓullo mishi shi ne abin dubawa. Kar ka ƙara gyara mishi magana a gaban leburori, ko kana da gaskiya, mutumin da ya goya ka ba zai karɓi gyara daga bakinka a gaban yaranshi ba, ka same shi bayan isha'i ku biyu. Maganar rubuta kuɗi kuma kar ta fito daga bakinka, ka roƙi baba tun yana iya zama ya tara ku, shi ya ce daga yau ga littafi, wane zai riƙe, kuma a fara da rubuta haƙƙin baffa kanshi, nawa ne rabonshi a kowane aiki, me ya mallaka a cikin kayan aiki, ta haka zai ga littafin kariya ce gare shi da ƴaƴanshi ba tuhuma ba. Sannan ka nemi a ba ka ƙaramin aiki guda, ko shago biyu ne ko katanga da ɗaki, ka yi shi daga harsashi har fenti yadda ka koya, da lissafinka a rubuce, a ga nawa ya ci nawa ya rage. Ka kuma cire takalmin ofis ka ɗauki cokalin gini ka jera bulo da hannunka wata biyu uku a ƙarƙashinshi, magina ba sa jin maganar wanda ba su taɓa ganin siminti ya ci mishi hannu ba.

In kana son ka ga inda irin wannan haɗin ya kai mutane, ka nemi labarin Dandaji a jihar Tawa. Can aka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu aka gina sabo a gefenshi da bulon ƙasa matsattse, aka gama a 2018, masu zanen sun yi karatu mai zurfi a waje amma sai da suka nemo maginan da suka yi tsohon ginin aka yi aikin tare. Kafin nan ma akwai Alhaji Falke Barmu na Yama, magini ne na gargajiya, ya fara masallacin Juma'ar garinsu a 1962 ya yi ta ƙara mishi daga 1975 zuwa 1982, a 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan wadda manyan masu zanen gini na duniya ke nema. Kai Allah ya haɗa maka biyun, karatun boko da gwanintar gargajiya, a gida ɗaya. Ka dinga zama da baba da yamma da salularka kana ɗaukar muryarshi, ka sa a kai ku gidajen da shi da kaka suka gina ɗaya bayan ɗaya ya gaya maka na wane ne, wace shekara, ƙasar ina aka ɗebo, ka ɗauki hoto ka auna ka zana.

TAMBAYA TA BIYU, daga wata baiwar Allah a Sabon Gari

Malam mahaifinmu ya rasu bara, ɗan kwangilar gini ne, ya bar kamyo ɗaya da injin kwaɓa kankare da mul da katakai da filin da ake buga bulo, akwai kuma kuɗinshi wajen mutane akwai bashi a kanshi. Mu bakwai ne maza uku mata huɗu da innarmu. An raba gida da gona amma yayyena sunce kamfani ba'a rabashi kuma mace bata da abin yi da gini, su zasu ci gaba in an samu zasu dinga bamu wani abu. Shekara ta zagayo bamu ga komi ba. Ni kuma nice nake rubuta ma baba lissafinshi tun ina koleji. Shin munada haƙƙi ko babu?

AMSA

Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Ƴar'uwa kuna da haƙƙi, kuma ba alfarma ba ce da za a ce in an samu. Duk abin da mamaci ya mallaka dukiyar gado ce, kamyo da inji da fili da katako da kuɗin da yake bin mutane, babu inda shari'a ta ware kayan sana'a ta ce na maza ne. Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i a fili suke: bayan an biya bashi an fitar da wasiyya in akwai, innarku tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, in iyayen baba sun riga shi rasuwa sauran naku ne ku ƴaƴa, namiji rabon mata biyu. Maza uku mata huɗu kashi goma kenan, ku mata kuna da huɗu a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a rufe shi da "wani abu".

Inda yayyenki ke da gaskiya guda ɗaya ne, in aka sayar da kamyo aka sayar da inji kowa ya kama ƴan kuɗinshi to sana'ar ta mutu, kuma na ga gidaje da yawa da haka ta faru, kayan da uba ya tara shekara talatin suka watse a wata uku. Amma rashin sayarwa daban, cinye rabon wasu daban. Abin da ake yi shi ne a kira wanda ya san farashin kayan, ba ɗan gida ba, ya yi wa komi kuɗi, a rubuta bashin da ake bin baba da wanda yake bi, malami ya fitar da rabon kowa a lissafe, a yi zaman dangi a rubuta a sa hannu a kai jastis a tabbatar. Daga nan wadda ke son kuɗinta a biya ta ko da kaɗan kaɗan ne, wadda ke son ta bar rabonta a ciki ta zama mai hannun jari, yayyenki da ke tsaye a shantiye a yanka musu albashin aikinsu tunda guminsu ne, ribar da ta rage a ƙarshen shekara a raba bisa rabon kowa. Ki duba takardun kamfanin kuma, in rajistar da sunan baba ce shi kaɗai a matsayin ɗan kasuwa to ba za a ci gaba da aiki da sunan mamaci ba, gara ku je wajen noter ku kafa SARL, wato kamfanin haɗin jari, bisa dokar kasuwanci ta OHADA da ƙasarmu ke bi, a rubuta kason kowa a ciki, mace da namiji.

Ki fara ta hannun inna da wani babba da yayyenki ke jin kunya, kawu ko aminin baba, kar ki fara da kotu, zumunci abin tattali ne. In hakan bai yi ba akwai malamai a fada da wannan ne aikinsu.

Maganar mace ba ta da abin yi da gini kuwa, a gidajenmu na da wa ke yin daɓe, wa ke shafe ɗaki da farar ƙasa? Yau kuma Mariam Issoufou, ƴar ƙasar nan, ta fara da karatun kwamfuta ta koma zanen gini, ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014, tana cikin waɗanda suka yi aikin Dandaji da na ambata a sama, sunanta ya zagaye duniya. Ke da kika riƙe wa baba littafi tun kina koleji kin fi kowa sanin wa ake bi wa ke bi, in yayyenki suna son kamfanin ya rayu ke ya kamata su roƙa ki zauna a kan lissafin.

TAMBAYA TA UKU, daga wani ɗalibi a jami'ar André Salifou

Malam wai gaskiya ne sarautar Sarkin Magina gadonta ake, ko duk wanda ya fi iyawa ake ba?

AMSA

Biyun suna haɗuwa. A ƙasar Hausa sana'o'i da sarakunansu suke, Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Magina, sarki ne ke naɗawa amma yawanci daga gidan da aka san su da abin yake zaɓa, don yaro tun yana ƙarami yake bin ubanshi yana ɗauko ruwa yana taka kwaɓi yana cura tubali, kafin a bar shi ya hau bango an yi shekaru, kafin a bar shi ya taɓa bakan gizo an yi wasu. Aikin Sarkin Magina shi ne tara magina in za a gyara fada ko masallaci ko ganuwa, da raba gardama tsakanin magini da mai gida. Misalin da aka fi sani shi ne na Zariya, Muhammadu Durugu da ake kira Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'ar Zazzau a wajen shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, zuriyarshi suka ci gaba da riƙe sarautar magina bayanshi, har unguwa ake kira da sunan Babban Gwani. Amma ƙofar ba a rufe take ba, bare na iya shiga almajiranci wajen gwani ya koya, sarautar ce dai ke wuyar fita daga gida. Tunda a Damagaram kake, ka je fada ka nemi a haɗa ka da dattawan magina na Birni ka ji jerin nasu daga bakinsu, ya fi abin da za ka samu a intanet.

TAMBAYA TA HUƊU, daga wani ɗan Zango mazaunin Kano

Malam gidan kakanmu na ƙasa ne da zane a fuskar zaure, shi da kanshi ya gina. Tun da masallacin Birni ya faɗi hankalina bai kwanta ba. Inaso in turo kuɗi a shafe gidan duka da siminti a huta da yaɓe, ƙannena sun yarda, wani tsohon magini yace kar mu yi. Wa zan bi?

AMSA

Alhaji ka bi tsohon nan. Faɗuwar masallacin a watan Satumba na 2024, ginin da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ta taɓa kowa a garin nan, ni ma har yau in na bi ta wurin raina ɓaci yake, kuma na gane tsoronka. Amma siminti a kan bangon ƙasa ba magani ba ne, sau da yawa shi ke ƙarasa ginin. Ba sa kama juna, rana ta buga su kowa ya motsa nashi daban, sai simintin ya yi ƴar tsaga da ido ba ya gani sosai, ruwan damana ya shiga ta nan ya kwanta a baya, ga danshin da ke tasowa daga ƙasa shi ma ba hanyar fita tunda an toshe bangon. Kana ganin fuska sumul kana cewa an huta, ciki ƙasa ta jiƙe azara na ruɓewa, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kaman ganga, wata rana ɓangare guda ya ɓallo gaba ɗaya da rabin bango. Zanen kakanku kuma ya tafi kenan, don babu mai iya fitar da shi daga ƙarƙashin siminti.

Ginin ƙasa ta wuri biyu ruwa ke cin shi, sama da gindi. Kafin damana a hau soro a share, a toshe duk tsaga, a duba zankwaye da bakin rufi, a tabbata kowane indararo a buɗe yake kuma dogo ne yana zubar da ruwa nesa da bango, in gajere ne a canja shi. A gindi a duba ko titi ya fi gidan tudu yanzu, don unguwanni da yawa an yi ta ciko har ruwan layi ya koma kwanciya jikin katanga, in haka ne a yi mishi hanya, a yi dakali mai gangare da dutse, dutse dai ba mu rasa shi ba a Damagaram. A duba makewayi da wurin wanki da famfo kar su jingina da bangon. A duba kan azara inda ta shiga bango ko gara ta taɓa.

Yaɓen kuma a yi shi da abin da aka san shi da shi, ƙasar da ta dace da ta ginin a kwaɓa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa, a rufi kuma in an samu mai iya laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ya fi komi riƙe ruwa. Masu iya wannan sun yi ƙaranci, shi ya sa tsohon da ya hana ku ɗin nan kar ku sake shi, ku ba shi aikin ku biya shi da daraja, ku sa yaro ɗaya ko biyu daga gidanku su tsaya tare da shi daga farko har ƙarshe. In akwai ɗakin da rufinshi ya riga ya mutu kuma azara ta yi tsada, akwai maginan da suka koyi gini ba itace, wanda aka fara koyarwa a ƙasar nan tun 1980, suna rufe ɗaki da tulluwa ta bulon ƙasa zalla, a nemi ɗaya ya zo ya duba ko bangon zai ɗauka.

Kuɗin da ka yi niyyar turowa na siminti ka kasa shi, ka dinga turo wani abu duk shekara a watan Afrilu ko Mayu, ka ɗora wa mutum ɗaya cikin ƙannenka alhakin hawa soron ya turo maka hoto ta WhatsApp kafin ruwan farko.